Ga Mai Son Koyar Da Addini A Jami'a: Nasiha Ga Ƙannena Na Matameye

Ƙannena maza da mata, 'yan makarantun franko-arab na Matameye da Kance da ƙauyukan da ke kewaye, da ku almajiran zaure da kuka sauke Alƙur'ani kuka shiga littattafai, da ku nake. Duk shekara idan sakamakon jarrabawar Bak ya fito, magana ɗaya ake maimaitawa a gidajenmu. Yaron da ya ce likita zai zama, ko injiniya, sai gida ya cika da murna. Wanda ya ce shi ilimin addini yake son zurfafawa har ya koyar da shi a jami'a, sai uba ya yi shiru, uwa ta ce Allah ya sa albarka, kawu kuwa ya tambaya a fili: "To, da me za ka ci abinci?" Kada ku ji haushin kawu. Ba ƙiyayya ce ta sa shi tambaya ba, ya ga waɗanda suka dawo daga ƙasashen Larabawa da manyan takardu suna zaune a bakin masallaci babu aikin yi. Tambayarsa ta cancanci a amsa ta da gaskiya.

Aikin yana nan, ana riƙe iyali da shi, kuma ƙasarmu tana bukatarsa fiye da yadda take nunawa. Sai dai kujerunsa kaɗan ne, hanyarsa doguwa ce, kuma ba irin aikin da yawancinku kuke zato ba ne. Wanda ya shiga don ya rasa wata mafita, ko don yana marmarin a riƙa kiransa Dakta a gaban lasifika, zai gaji tun bai kai rabi ba. A tsarin da jami'o'inmu ke bi yanzu, lisans shekara 3 ce, masta shekara 2, doktora shekara 3 aƙalla. Shekara 8 ke nan a kan takarda bayan Bak. A zahiri, idan aka haɗa da yajin aiki da jiran gurbi da neman kuɗin bincike, mutum yakan haura shekara 10. Sa'o'inka da suka shiga kasuwancin rake ko fataucin dabbobi zuwa Nijeriya za su gina gidaje su aurar da ƙannensu kana nan kana gyaran babi na uku. Wannan ka sa shi a ranka tun yau, ka kuma faɗa wa iyayenka, don kada a shekara ta shida su ɗauka wasa kake yi.

Babbar ƙofar wannan fanni a ƙasarmu ita ce Jami'ar Musulunci ta Say. A taron shugabannin ƙasashen Musulmi da aka yi a Lahore ta ƙasar Pakistan a 1974 aka yanke shawarar kafa jami'o'i biyu a Afirka, ɗaya a Nijar, ɗaya a Yuganda. Tamu ta buɗe a 1986, ta Yuganda a 1988. Garin Say kuwa ya saba da ilimi tun da daɗewa. Garin Alfa Muhammadu Jobbo ne, wanda almajirai suka riƙa zuwa wurinsa a ƙarni na 19, kuma a can aka buɗe madarasar gwamnati ta farko a 1957, wadda daga ita makarantun franko-arab da kuke ciki yau suka samo asali. A Say ana karanta shari'a da harshen Larabci da sauran fannonin Musulunci, ɗalibai suna zuwa daga ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, kuma mata suna da nasu reshen a Yamai.

Jami'o'in gwamnati kuwa, irin su Abdou Moumouni ta Yamai, da André Salifou da ke nan kusa da mu a Damagaram tun 2010, da ta Maraɗi da ta Tawa, ta wata ƙofa addini yake shiga cikinsu. Galibi yana shigowa ne ta tarihi, da nazarin zamantakewa, da falsafa, da shari'a, da nazarin harsuna. Kada wannan ya sa ku raina su. Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, malamin tarihi ne, amma ya rubuta littafi guda a kan tarihin Musulunci a wannan yanki namu. Maïkoréma Zakari ma ta ƙofar tarihi ya bi ya rubuta yadda Musulunci ya yaɗu a ƙasar Nijar. Seyni Moumouni ya yi aiki a kan rayuwar Shehu Usmanu da rubuce-rubucensa, ya kuma kula da tsofaffin littattafan hannu a cibiyar bincike ta IRSH. Abdoulaye Sounaye ya yi doktoransa a Amurka a fannin nazarin addinai, bincikensa kuwa a kan masu wa'azi da matasan Yamai ne, kuma ana karanta shi har a Jamus. Duk waɗannan 'yan ƙasarku ne, kuma kowannensu da addini ya yi aiki.

Mu mutanen Matameye muna da wata falala da ɗan Tilaberi ba shi da ita. Yamai tana sama da kilomita 800 daga nan, amma in ka bi ta Ɗan Barto ka ƙetare zuwa Kwangwalam, ga Daura, ga Katsina, ga Kano. Can wannan sana'a ta daɗe da kafuwa. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, aka kawo malamai daga Sudan, a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Shaihu Abubakar Gumi yana cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta. A harabarta aka fara kwalejin da ta girma ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Yau Bayero, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Umaru Musa 'Yar'adua da Al-Ƙalam a Katsina, duk suna koyar da ilimin addinin Musulunci da Larabci. Ƙasa da jami'a akwai kwalejojin horar da malamai da na shari'a, irin ta Aminu Kano a Kano da ta Yusufu Bala Usman a Daura. Ga ɗan Nijar, amfanin waɗannan wurare ya fi yawa wajen yin masta da doktora, da samun malaman da suka ƙware a hadisi ko usulu ko tafsiri, da shiga ɗakunan karatu. Samun aiki na dindindin a can abu ne mai wuya ga baƙo, domin su ma 'ya'yansu suna kan layi. Ka je ka ɗebo, ka dawo.

Sai ƙasashen Larabawa, inda zukatan yawancinku suke. Azhar ta Alƙahira ta haura shekara dubu. Jami'ar Musulunci ta Madina an kafa ta a 1961, kuma ta yaye malamai da yawa daga cikin waɗanda kuke saurare a wayoyinku. Jami'ar Afirka ta Khartum ta karɓi 'yan ƙasarmu masu yawa kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afirilun 2023 ya tarwatsa ɗalibai. Akwai Maroko, akwai Aljeriya, akwai Tunisiya. Ban hana kowa zuwa ba, ilimin da ke can ilimi ne. Amma kafin ka hau jirgi ka je ma'aikatar ilimi mai zurfi ka tabbatar da cewa takardar da za ka dawo da ita an amince da ita, kuma ka san matakin da za a daidaita ta da shi. Wata makarantar sunanta yana da girma a bakin mutane, amma takardar da take bayarwa ta horon wa'azi ce, ba ta jami'a ba. Na san mutumin da ya yi shekaru a waje, ya dawo da ilimi mai nauyi, ya ƙare yana yawo daga ofis zuwa ofis da fayil a hammata, ana ce masa ya dawo gobe. Da ya tambaya tun kafin tafiya, da ya zaɓi wata makarantar a cikin garin da ya je ɗin.

Abin da ya fi karya waɗanda ake kira 'yan Larabci a ƙasarmu shi ne harshe. Mutum ya iya Larabci kamar a Hijaz aka haife shi, amma ba zai iya rubuta wasiƙar neman aiki da Faransanci ba, ba zai iya zama a taron malaman tsangaya ya kare ra'ayinsa ba. Sai a ajiye shi a gefe, waɗanda ba su kai shi sani ba su riƙa yanke shawara a kansa. Ana iya cewa wannan rashin adalci ne, kuma ni ma haka nake gani. Amma kafin a gyara tsarin, kai ka gyara kanka. Larabci shi ne tushe, babu sassauci a kansa: nahawu da sarfu da balaga, har ka buɗe littafin da babu wasali ka karanta ba gargada. Faransanci shi ne harshen ofis da na yawancin mujallun bincike a yankinmu. Ingilishi shi zai buɗe maka Nijeriya da mafi yawan abin da ake rubutawa a duniya game da Musuluncin Afirka. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. To Hausar ma a koye ta da kyau, a iya rubuta ta da boko da ajami bisa ƙa'ida. Malamin da ba zai iya bayyana mas'alar gado da Hausar da tsohuwa za ta gane ba, akwai saura a fahimtarsa.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Kada shiga jami'a ta sa ku bar zaure. Tsarin da kakanninmu suka bi, a fara da Ƙawa'idi da Ahalari, a wuce Ishmawi da Iziyya, a shiga Risala, a ƙarasa da Askari da Muhtasar, a gefe guda ana Ajurumiyya har zuwa Alfiyya, ana Muwaɗɗa da Shifa da Jalalaini, tsari ne da yake ba da abin da jami'a ba ta da lokacin bayarwa. A zaure ana bin littafi daga bangon farko zuwa na ƙarshe, kalma bayan kalma, malami yana fassara, almajiri yana maimaitawa, ba a tsallake babi don jarrabawa ta matso. A jami'a zangon karatu 'yan watanni ne, malami zai ɗauko shafuka kaɗan daga nan, kaɗan daga can, ya ba ku taƙaitaccen rubutu ku haddace. Shi ya sa za ka ga mai lisans a shari'a wanda bai taɓa karanta littafin fiƙihu ɗaya ya kai ƙarshensa ba. Irin wannan idan ya zama malami, ɗalibin da ya fito daga zaure zai gano shi tun a makon farko.

Dubi Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda aka haifa a 1906 ya rasu a 1997. Bai zauna a ajin jami'a ba, a gaban malaman Sakkwato ya yi karatunsa. Amma Baturen Ingila Murray Last, da ya zo rubuta tarihin daular Usmaniyya, a wurinsa ya zauna, da littattafansa ya yi aiki, har ya sami doktora a Ibadan ya buga littafin da ake koyarwa a jami'o'i tun 1967. A 1971 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Wazirin digirin girmamawa. Tun kafin wannan, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusuki don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Shehu Usmanu kansa, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a 1754, ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Al'adarmu ke nan, a san wurin wa ka ɗauka. Takardar jami'a ba ta soke wannan ba.

Amma ita ma jami'a tana ba da abin da zaure bai cika bayarwa ba, kuma ba na so ku zama cikin masu raina ta. Ita ce za ta koya maka ka tambayi littafi: wa ya rubuta shi, a wane zamani, yana mayar wa wa da martani, kwafin da ke hannunka daga wane kwafi aka juyo shi. Za ta koya maka ka ajiye ra'ayin Malikiyya kusa da na Hanafiyya da Shafi'iyya ka ga hujjar kowanne. Za ta koya maka fita cikin mutane ka yi tambaya, ka rubuta abin da suka faɗa ba abin da kake so su faɗa ba. Za ta tilasta maka ka nuna inda ka samo kowace magana, da shafinta, ta yadda wani zai iya bin sawunka ya kama ka in ka yi kuskure. Wanda ya haɗa biyun nan shi ake nema, kuma irinsu ba su da yawa.

Aikin kansa, idan an samu, koyarwa kashi ɗaya ce kawai daga cikinsa. A jami'o'inmu na gwamnati sunan ma'aikacin ma malami mai bincike ne. Za ka shiga aji mai ɗalibai da yawa, ka duba tarin takardun jarrabawa, ka kula da masu rubuta kundin kammala karatu, ka zauna tarurruka masu cin lokaci. Bayan duk wannan dole ka rubuta, ka buga a mujallun da masana ke tantancewa, domin da shi ake ƙarin girma. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 kuma mazauninta ke Wagadugu, ita ke duba fayilolin malaman ƙasashenmu kafin mutum ya tashi daga asistan zuwa metir-asistan, daga nan zuwa metir-da-konferans, har ya kai cikakken farfesa. A can ba a tambayar yawan masu sauraron tafsirinka da azumi. Abin da ka rubuta ake aunawa, da ɗaliban da ka yaye. Kuma ina gargaɗinku da satar rubutu. Yau da Maktaba Shamila da intanet, mutum yana iya haɗa shafi ɗari cikin dare ɗaya da maganganun wasu ya sa sunansa. A kowane fanni wannan abin kunya ne, a fannin da ake koyar da amana kuwa ya fi muni.

Wa'azi daban, koyarwa a jami'a daban. Dukansu ayyuka ne na alheri, kuma akwai masu haɗa su, kamar Farfesa Muhammad Sani Umar Rijiyar Lemo na Jami'ar Bayero da Farfesa Mansur Ibrahim na Sakkwato. Amma mai wa'azi yana kiran mutane zuwa ga abin da ya gamsu da shi, malamin jami'a kuwa an ba shi amanar 'ya'yan kowa. A ajinka za a sami ɗan Tijjaniyya da ɗan Ƙadiriyya da ɗan Izala, wani lokaci da Kirista, musamman in ta ƙofar tarihi ko zamantakewa kake koyarwa. Kana da naka ra'ayin, ba wanda ya ce ka jefar da shi. Amma in za ka yi bayanin fahimtar da ba taka ba, ka yi shi yadda mai ita zai ji ya ce, lallai haka muke cewa. Sannan ka kawo hujjarka. Ranar da ka rage wa ɗalibi maki don ya saki hannu a salla ko don ya kama, ko don ka ga carbi a wuyansa, ka ci amanar kujerar. Kun san abin da ya faru a Damagaram ranar 16 ga Janairun 2015, lokacin da fushi a kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ya koma ƙona coci-coci da dukiyar maƙwabta waɗanda ba su zana komai ba. Fushin yana da dalili, amma inda aka sauke shi zalunci ne. Yawancin waɗanda suka fita ranar matasa ne. Ƙasar da ke da malamai masu koya wa matasa bambance mai laifi da maƙwabci, da hukuncin wanda ake zaune da shi da amana, ta fi ƙarfin a ja ta zuwa irin wannan.

Ku kuma koyi cewa ban sani ba. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48 a zama guda, ya ce bai sani ba a 32 daga cikinsu. Shi ne limamin mazhabarmu. Laƙabin Dakta yana da wani nauyi da yake sa mutum jin kunyar furta wannan, sai wanda ya ƙware a nahawu ya riƙa ba da fatawa a kan banki da magani da siyasa. Ku tsaya inda saninku ya tsaya.

Idan kun kai lokacin zaɓen abin bincike, ku dubi gida. Na ga ɗalibanmu da yawa suna rubuta kundi a kan malaman Bagadaza da Andalus waɗanda an riga an yi musu littattafai ɗari, alhali ƙasarmu cike take da tambayoyin da ba wanda ya zauna ya amsa. Yankin Kance yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ashirin ke kallonta. Yaya ake rabon gadon gona a ƙauyukanmu a zahiri? Rabon da shari'a ta ba 'ya mace yana isa hannunta, ko ana ce mata ta bar wa 'yan'uwanta maza? Ina hukuncin alƙali da na sarki da dokar filaye ta 1993 suke haɗuwa, ina suke karo? Wannan doktora ce guda, kuma wanda ya san Risala ya kuma san Hausar ƙauye shi ya fi kowa iya yin ta.

Ga zakka. Littattafan Malikiyya sun ƙayyade irin amfanin gonar da ake fitar wa zakka, hatsi da dangin wake da wasu 'ya'yan mai da dabino da zabibi, ɗaya bisa goma in ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin in da wahala aka yi ban ruwa. Rake da kayan lambu ba su cikin lissafin, alhali Imamu Abu Hanifa yana ganin a fitar daga kusan duk abin da aka noma don amfani. To mu a nan, manomin da ya loda motoci da rake daga fadama ya fi mai damin gero ashirin samu nesa ba kusa ba. Me malamanmu suke ce masa? Gyaɗa ma malaman Afirka ta Yamma sun yi saɓani a kanta tun zamanin da ta zama abin sayarwa ga Turawa. Wa ya tattara fatawoyinsu?

Ga kuma abin da ya fi ciwo. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma da yawa daga cikinsu 'yan yankinmu ne, suna kan hanyar zuwa neman sadaka. Masu bincike daga nesa sun zo sun yi tambayoyi sun rubuta rahotanni. Amma abin da addini ya ce game da bara, da haƙƙin ciyarwa da ke kan miji, da inda zakkar masu hali take tafiya, da dalilin da ya sa wa'azin da ake yi bai tsayar da tafiyar ba, wannan aikin ɗan gida ne wanda matan za su yarda su buɗe masa ciki. Haka batun almajirci, wanda kowa ke magana a kansa, masu zagi da masu karewa, amma kaɗan ne suka zauna da alarammomi suka ji ta bakinsu.

Sai littattafan hannu. Boubou Hama ya fara tattara su, yau cibiyar IRSH a Yamai tana ajiye da wajen 4,000 na Larabci da ajami. Waɗanda suka rage a gidaje, cikin gafaka da tsofaffin akwatuna a Birnin Damagaram da Mirya da Magarya da nan Kance, gara da ɗigon damina suna cin su. John Hunwick, Baturen da ya koyar a Ibadan, ya fitar da babban kundi a 1995 mai lissafa marubutan wannan yanki da littattafansu. Mun gode masa. Amma magadan malami ba za su kwance gafakar kakansu ga baƙo yadda za su kwance wa ɗan unguwa da suka san mahaifinsa ba. Wanda ya iya karanta rubutun magaribi da ajami, ya koyi yadda ake ɗaukar hoton shafi da tantance kwafi, yana da aikin da zai ishe shi tsawon rai.

Batun kuɗi ba zan ɓoye muku ba. Cikakken malamin jami'ar gwamnati yana da albashin da ya fi na yawancin ma'aikata, yana da mutunci. Amma kafin a kai can, da yawa sukan yi shekaru suna koyarwar wucin gadi da ake biya da awa, kuɗin ma yakan makara. Wasu suna kwantaragi a lise, suna haɗawa da jami'o'i masu zaman kansu. Ƙungiyar malaman jami'o'inmu, SNECS, ta sha shiga yajin aiki, ta Nijeriya kuwa ta yi wata takwas cur a 2022. Don haka kada ka raina koyarwa a kwalejin franko-arab ko makarantar horar da malamai kana jiran jami'a. A nan ake koyon tsayuwa gaban aji, kuma mai koyar da malaman gobe tasirinsa yana kaiwa ƙauyen da farfesa ba zai taɓa takawa ba. Ka riƙe wata sana'a ta halal a gefe, fassara ko gona ko kiwo. Malamin da ke da abin kansa ba ya sayar da maki, ba ya lanƙwasa fatawa don mai kuɗi ko mai mulki.

Ƙannena mata, ba a bayan magana na sa ku ba, duk abin da na faɗa da ku nake. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta horar da matan da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. A zamaninmu Farfesa Ousseina Alidou, 'yar Nijar da ke koyarwa a Amurka, ta buga littafi a 2005 a kan matan Musulmin ƙasarmu. Ɗalibai mata suna ƙaruwa a jami'o'i, kuma akwai tambayoyin jini da aure da saki da gado da ba za su iya yi wa namiji ba. Abin da ya fi tsayar da ku shi ne aure ya zo karatu ya tsaya. A yi maganar tun wurin neman aure, a gaban waliyyai, a san cewa karatu zai ci gaba. Ku kuma iyaye da mazaje, wanda ya bar 'yarsa ko matarsa ta kai ƙarshen wannan hanya ya yi wa garin nan gaba ɗaya hidima.

Wanda ya ji duk wannan bai karaya ba, to ya fara tun bana, kada ya jira Bak. Ya nemi malamin zaure ɗaya a cikin gari ya ɗauki littafi a gabansa da niyyar kai shi ƙarshe. Ya ware lokaci kullum don harshen da ya fi rauni a cikinsa. Ya je wurin tsofaffin gidansu ya tambaya ko akwai rubutun kakanni da aka ajiye, in akwai ya ɗauke shi daga inda ruwa ke zuba. In hutu ya zo ya shiga mota zuwa Damagaram, ya nemi wani malamin jami'a ya gaishe shi, ya tambaye shi yadda ya bi har ya kai. Ku kuma malamanmu na zaure da na lise, idan kun ga yaro ko yarinya mai kaifin fahimta da haƙurin zama da littafi, ku kira iyayensu ku gaya musu, domin sau da yawa maganarku suke jira kafin su yarda.